Tsohon Fasali a Sabon Hannu: Yadda Masu Zayyana na Zamani Ke Sabunta Kayan Gilashi na Gado



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu martaba da wakilansu, malamaina da abokan aiki, ɗalibai, masu sana'ar hannu da suka baro wuraren aikinsu domin halartar wannan zama, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da zuwa. 

Gabatarwa

Maganata ta yau a kan kayan gilashi ce: tambulan, kofin shayi, tulun furanni, fitila, awarwaro da tsakiya. Zan duba yadda masu zayyana na wannan zamani suke komawa ga fasalin da aka gada tun shekaru ɗari, ko ɗari biyar, ko dubu biyu, su sake shi ya fito da sabuwar kama. Mafi yawan misalaina daga Italiya da Faransa da Jamhuriyar Cek da Turkiyya da Falasɗinu za su fito. Daga ƙarshe zan dawo da ku Bidda, inda maganar ta shafe mu kai tsaye.

Abin da nake son in tabbatar muku abu ɗaya ne. Sana'ar gilashi tana zaune ne a hannun mai yinta, kuma hannun ba ya riƙe ƙwarewa sai yana aiki kullum. Saboda haka ma'aunin da zan auna kowace sabuntawa da shi shi ne: shin ta sa wutar tanderu ta ci gaba da ci? Shin ta bai wa mai hura gilashi aikin da zai ƙara masa sani, ta kuma ba shi haƙƙinsa da sunansa? In ta yi haka, ta yi wa gado hidima. In ba ta yi ba, ko da ta yi kyau a hoto, ta ci daga gadon ne ba ta mayar masa da komai ba.

Abin da gilashi ke buƙata

Kafin mu yi hukunci a kan mai zayyana, ya kamata mu san abin da yake fama da shi. Gilashin yau da kullum haɗi ne na yashi da gishirin soda, dangin kanwa, da farar ƙasa. Ana narka su a zafin da ya kai digiri 1,400 zuwa 1,500 a ma'aunin Salshiyos. Mai hurawa yana tsoma dogon bututun ƙarfe a cikin tukunyar narki, ya murɗo curi mai ja kamar garwashi, ya riƙa juya bututun ba tsayawa, domin da ya tsaya curin zai zubo ƙasa. Sai ya hura, kumbo ya tashi, ya gyara shi da awartaki da almakashi da jiƙaƙƙen katako. Cikin ɗan lokaci kaɗan gilashin yana sandarewa, dole a mayar da shi bakin wuta. In an gama, ba a ajiye shi a iska. Ana sa shi a wani tanderu na daban mai zafin kusan digiri 500, ya huce sannu a hankali na tsawon sa'o'i, in ba haka ba zai tsage da kansa ko ba wanda ya taɓa shi.

Wannan dabara ta hurawa an gano ta ne a yankin Sham da Falasɗinu, a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Har yau bututun da awartakin ba su canza sosai ba. A ƙarni na ɗaya bayan haihuwarsa an yi wani gwani mai suna Ennion, wanda ake dangantawa da birnin Saida na ƙasar Lebanon ta yau. Yakan hura gilashinsa a cikin mazubi mai zane, kuma a jikin mazubin ya sassaƙa sunansa da harshen Girka, yadda duk kofin da ya fito zai fito da shaidar wanda ya yi shi. Ku riƙe wannan suna, domin maganar sa suna a jikin aiki za ta sake tasowa.

Abin lura shi ne, kusan kowane tsohon fasali yana da dalili. Kaurin gindin kofi, siririn wuyan kwalba, faɗin bakin fitila, duk amsoshi ne ga tambayar da wuta ko hannu ko amfani suka yi. Mai zayyanar da bai san tambayar ba, in ya taɓa amsar sai ya ɓata ta.

Sabuntawa ta daɗe

Kada mu ɗauka komawa ga na dā a yau aka fara shi. A ƙarni na 14, zamanin Mamalik, masu gilashin Alƙahira da Sham sun yi fitilun masallaci waɗanda har yanzu ake jinjina musu: ciki mai faɗi, wuya a tsuke, baki a buɗe, da 'yan kunnuwa da ake ɗaura sarƙa a rataye. An yi musu ado da launi da ruwan zinariya, kuma a wuyan da yawa daga cikinsu an rubuta aya ta 35 ta Suratun Nur, wadda ta ambaci fitila a cikin gilashi. Masallacin Sultan Hasan da aka fara ginawa a 1356 ya sami irin waɗannan fitilu masu yawa. Bayan shekaru ɗari biyar, wani Bafaranshe mai suna Philippe-Joseph Brocard ya duƙufa har ya gano yadda ake ɗora launin a gasa shi ya kama jikin gilashi, ya kuma nuna nasa fitilun a baje kolin duniya na Paris a 1867. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai, ya farfaɗo da dabarar da ta yi rauni. Sai dai fitilunsa na ado ne a falon attajirai. Fasalin ya tsira, aikin da aka yi fasalin dominsa ya tsaya a baya.

Misali na biyu ya fi kusa da abin da nake nufi. Tun 1291 hukumar birnin Benis na Italiya ta umarci masu gilashi su kwashe tanderunsu zuwa tsibirin Murano saboda tsoron gobara. A can ne Angelo Barovier, a tsakiyar ƙarni na 15, ya fito da gilashi garau marar launi. A can ne kuma aka ƙware wajen jan zaren gilashi: mutum biyu su kama curi mai zafi ta gefe biyu, kowa ya ja da baya yana murɗawa, kamar yadda mai alewa ke jan alewarsa, har curin ya zama dogon sanda mai farin zare a ciki, a yanka a jera a yi kwano da shi. Amma zuwa farkon ƙarni na 20, kayan Murano sun cika da tarkacen ado: fure a kan fure, dabba a kan ƙafar kofi, har ba a ganin gilashin.

A 1921 Paolo Venini da Giacomo Cappellin suka buɗe masana'anta, suka ɗauki mai zane Vittorio Zecchin ya jagoranci fasali. Zecchin ya duba wani zane da Paolo Veronese ya yi a ƙarni na 16, mai nuna Mala'ika Jibrilu yana yi wa Maryamu bushara. A gefen zanen akwai ɗan tulun gilashi, siriri, ba ado a jikinsa. Sai ya sa aka hura irinsa. Wannan tulu mai suna Veronese har yau kamfanin Venini yana yin sa. Zecchin ya tsallake ƙarni uku ya ɗauko sauƙi, kuma sauƙin ya fi adon wuya, domin tulun da ba shi da ado ba shi da inda kuskure zai ɓuya. Ya tilasta wa gwanayen Murano su koma ga tsantsar hurawa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan magani ya yi wa Murano aiki.

Hanyoyi huɗu na masu zayyanar yau

In muka duba aikin shekarun baya-bayan nan, za mu ga hanyoyi huɗu da ake bi.

Hanya ta farko ita ce a bar fasalin yadda yake, a canza abu ɗaya tak. Kamfanin Baccarat na Faransa, wanda aka kafa a 1764, yana da wani kofi mai suna Harcourt da ya fara yi a 1841: gindi mai kusurwa shida, ƙafa mai gaɓoɓi, jiki mai faffaɗan sassaƙa, nauyi a hannu. Darajarsa duka a haskensa take. A 2005 mai zayyana Philippe Starck ya sa aka yi shi da baƙin gilashi. Da haske ya daina ratsa shi, sai ido ya koma kan sigarsa, mutane suka ga kusurwoyin da suka daɗe suna kallo ba su lura da su ba. Baƙin gilashi irin wannan yana da wuyar sha'ani, kaɗan ne ke fitowa ba aibi. Starck bai ɓoye wannan ba. Ya sa aka jera kofi shida a akwati ɗaya, biyar masu ɗan aibi, ɗaya cikakke, aka sayar da su tare. Wanda ya buɗe akwatin zai fahimci cewa kafin a sami ɗaya mai kyau, hannu ya sha wahala sau da yawa. A 2019 kamfanin ya kuma gayyaci Virgil Abloh, Ba'amurke wanda iyayensa 'yan Gana ne, ya yi kofi mai murfi da tsinken zuƙa, irin wanda matasa ke yawo da shi a titi, amma da gilashin alfarma. Ya kawo ɗabi'ar shan zamani cikin gidan da ya haura shekara 250.

Hanya ta biyu ita ce a wargaza tsohon a sake haɗa shi. Yankin Bohemiya na Jamhuriyar Cek ya shahara da sassaƙa gilashi a kan dutsen niƙa mai juyawa: taurari, rassa, raga. Makarantar koyon gilashi ta Kamenický Šenov tana aiki tun 1856. Amma irin wannan kaya ya zama na kabad ɗin tsofaffi, matasa ba sa saye. A 2013 Oki Sato na ɗakin zayyana na Nendo a Japan ya yi aiki da kamfanin Lasvit, wanda aka kafa a 2007. Suka ɗauki kayan da aka riga aka sassaƙa da zane na gargajiya, suka mayar da su wuta, suka tsaga, suka haɗa ɓangaren wannan da na wancan. Zafi ya sa zanen ya miƙe a wani wuri, ya karkace a wani. Sakamakon kwano ne wanda kowane yanki nasa tsoho ne, amma jimillarsa ba a taɓa ganin irinta ba. Kuma ba zai yiwu ba sai da gwanin sassaƙa da gwanin wuta sun yi aiki tare.

Hanya ta uku, wadda na fi girmamawa, ita ce a ɗauki dabarar a bar sigar. A Murano akwai wata tsohuwar dabara da suke kira incalmo. Bari in kwatanta muku ita. Gwani yana hura kumbo mai launin kore, mataimakinsa yana hura wani mai launin toka a nasa bututun. Kowanne a buɗe bakinsa ya zama kamar kofi. Dole faɗin bakunan biyu ya zo daidai, kaurinsu daidai, zafinsu daidai. Sai a kawo su fuska da fuska, a haɗa baki da baki suna da zafi, su manne su zama jiki ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya faɗi da kaurin farce, haɗin zai karkace. In launukan biyu ba sa takurewa da sauri ɗaya yayin hucewa, gobe da safe za a tarar da shi a tsage. Tapio Wirkkala, mutumin Finlan, ya zo Venini ya yi kwalaben da ake kira Bolle a 1966 da wannan dabara: siga mai sauƙi irin ta arewacin Turai, launi biyu, layi ɗaya a tsakani, ba wani ado. Bai kwaikwayi ko tulu ɗaya na dā ba, amma ya sa dabarar ta zama abin da ake nema a kasuwa, kuma har yau matasan Murano suna koyonta domin akwai masu oda. A ƙasarsa ma haka ake yi. Masana'antar Iittala, wadda ke hura tulun da Alvar Aalto ya zayyana a 1936, ta ba 'yan'uwa biyu Faransawa, Ronan da Erwan Bouroullec, dama suka fito da tulunan Ruutu a 2015, masu kusurwa huɗu, waɗanda in an jera su launin wannan ke ratsa na wancan. Gwanayen da ke hura na Aalto su ne ke hura waɗannan.

Hanya ta huɗu ita ce a mayar da fasalin ga masu shi. Dubban kayan gilashi da aka tono a Falasɗinu suna gidajen tarihi na Turai da Amurka, jikokin waɗanda suka yi su ba sa iya zuwa su gani. Dima Srouji, Bafalasɗiniya masaniyar zanen gine-gine, ta fara wani aiki mai suna Hollow Forms a 2016. Tana nazarin waɗannan tsofaffin kwalaben turare da tuluna, ta zana sababbi a kan tsarinsu, ta kai wa masu hura gilashi na ƙauyen Jaba da ke tsakanin Ƙudus da Ramallah. Abin da aka ɗauke a akwati ya dawo ta hanyar hannu.

Kofin shayi

Kada a ce duk wannan maganar masu kuɗi ce. Ɗauki kofin shayin Turkiyya, mai siririn ƙugu da buɗaɗɗen baki. Ƙugun yana riƙe zafi a ƙasa, bakin yana ba da wurin kamawa ba tare da yatsa ya ƙone ba. Erdem Akan, mai zayyana a Istanbul, ya yi masa bango biyu: daga waje miƙaƙƙen tambulan irin na Turai, daga ciki kuma tsohon ƙugun yana nan, sai an zuba shayi jan launinsa ya fito da sigar. Iskar da ke tsakanin bangon biyu tana kare hannu daga zafi. Ya fahimci tambayar da tsohon kofin ya amsa, ya sake amsa ta.

A Maroko akwai kofin shayi da ake kira beldi, ana hura shi da baki daga fasassun kwalabe, yana da ɗan tudu a tsakiya inda yatsu ke kamawa. Masana'antar ƙarshe da ke yin sa a Kasablanka ta rufe a 2013. Aka kwashi gwanayen aka sake kunna wuta a Marrakesh, aka ƙara masa sababbin launuka da girma iri-iri, har da kwanuka da fitilu. Yau ana sayar da shi a manyan biranen duniya. Duk wanda ya zauna a fadar matasa a Yamai ko Damagaram ko Agadas ya san matsayin ɗan ƙaramin kofin da ake ɗaga buta sama a tsiyaya masa shayi har kumfa ta tashi. Muna shan shayi a cikinsa kullum, kuma daga waje ake kawo mana shi.

Abin da ke barazana

Tanderun gilashi ba a kashe shi da dare. In ya mutu, sake ɗaga zafinsa yana cin kwanaki, tukunyar narki ma tana iya fashewa. Shi ya sa tsadar makamashi ke kashe wannan sana'a kafin kowace. Da farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2021 da 2022, masana'antu da dama a Murano sun kashe wutarsu. Kamfanin Duralex na Faransa, mai yin tambulan ɗin Picardie tun 1954, ya dakatar da aiki na wata biyar daga ƙarshen 2022, kuma a 2024 ma'aikatansa ne suka karɓe shi a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa don kada ya rushe. Ga kuma kayan jabu masu araha da ake sayarwa da sunan Murano, abin da ya sa tun 1994 aka kafa tambarin shaida na musamman. Ga tsufan gwanaye, alhali ana ɗaukar shekaru masu yawa kafin yaro ya zama gwani.

Duniya ta fara farga. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2022 a matsayin shekarar gilashi. A 2023 hukumar UNESCO ta sa sana'ar gilashin hannu ta ƙasashe shida, wato Cek da Finlan da Faransa da Jamus da Hangari da Sifen, cikin jerin gadon ɗan'adam, ta kuma sa hura gilashi na Siriya cikin jerin abubuwan da ke buƙatar ceton gaggawa. Wannan karramawa tana da amfani, amma takardar shaida ba ta sayen gas. Oda ce ke sayen gas, kuma mai zayyana shi ne ke kawo sabuwar oda.

Akwai kuma laifin da masu zayyana da kansu suke yi. Sau da yawa sunan wanda ya zana a takarda ne ke fita a mujalla, wanda ya tsaya gaban wuta ba a ambatonsa. Lino Tagliapietra, wanda aka haifa a Murano a 1934, ya shiga masana'anta yana yaro, ya zama gwani yana ɗan shekara 21, ya shafe shekaru yana hura tunanin wasu. A 1979 ya je makarantar Pilchuck a Amurka, ya koyar da dabarun da tsibirinsa ya daɗe yana ɓoyewa, daga baya duniya ta san shi da sunansa. Irinsa nawa ne suka mutu ba a san su ba? Ennion ya sa sunansa a jikin kofi shekaru dubu biyu da suka wuce. Abin kunya ne a ce zamaninmu ya kasa yi wa gwanayensa abin da wancan zamani ya yi.

Bidda

Yanzu mu dawo gida. Binciken da Dakta Abidemi Babatunde Babalola ya yi a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ya tono duwatsun ado na gilashi sama da 12,000, tare da tukwanen narki, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Haɗin sinadaransu ya bambanta da na gilashin sauran duniya, abin da ya nuna a nan aka dafa shi daga kayan ƙasar. An kuma sami duwatsu masu irin wannan haɗi a Gao ta ƙasar Mali da Igbo-Ukwu.

A Bidda ta ƙasar Nufe, unguwar Masaga tana aikin gilashi har gobe. Masaga suna cewa daga Masar kakanninsu suka taso. S. F. Nadel ya bayyana tsarin ƙungiyarsu a littafinsa kan masarautar Nufe da ya fito a 1942. A dā suna dafa nasu gilashin daga yashi da kanwa, baƙi mai sheƙi, suna kiransa bikini. Da kwalaben Turai suka yawaita sai aka koma narka su, dafa bikini ya tsaya, sai a 2019 aka sake gwada shi aka ɗauki aikin a fim. A 2021 Bidda ta shiga jerin biranen ƙirƙira na UNESCO a fannin sana'ar hannu.

Ku shiga ɗakin aikinsu ku gani. Tanderun yumɓu ne a tsakiyar ɗaki, yaro yana zuga, maza sun kewaye wutar kowa da sandar ƙarfe. Gwani yana ɗauko narkakken gilashi a bakin sanda, ya huda tsakiyarsa, ya sa sanda ta biyu, ya riƙa juyawa yana faɗaɗa ramin, yana mayarwa wuta, har zobe ya buɗe ya zama awarwaro wanda ba shi da mahaɗi ko ɗaya. Masu binciken kayan tarihi daga Turai sun nemi sanin wannan dabara domin su fahimci yadda mutanen Kelt, tsofaffin mazauna Turai, suka yi nasu awarwaron, domin a can ta ɓace, a Bidda tana raye. Fatake sun daɗe suna kai wannan kaya kasuwannin ƙasar Hausa, iyayenmu mata sun sa shi a hannu. Yau roba da kayan waje sun ture shi.

Maƙwabtanmu sun nuna ana iyawa. A Krobo ta ƙasar Gana ana daka kwalba ta zama gari, a zuba a mazubin yumɓu a gasa, kuma tsakiyar Krobo ta shiga kasuwar duniya da sababbin launuka. A Eswatini masana'antar Ngwenya, wadda aka sake buɗewa a 1987, tana hura kofuna da tuluna daga tsofaffin kwalabe zalla. Mu kuma muna da sashen koyar da fasahar gilashi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, muna da masu tara kwalabe a kowane gari, muna da matasa masu zayyana a Kano da Kaduna da Abuja.

Shawarwari

Na farko, ɗalibin zayyana ko na fasahar gilashi ya je Masaga ya zauna a matsayin almajiri kafin ya zana komai. Ya san abin da tanderun itace ke iyawa da abin da ba ya iyawa.

Na biyu, masana su taimaka da abin da gwanayen ke buƙata: tanderun hucewa da zai rage fashewa, tanderun da ba ya cin itace da yawa, da tantance kwalabe, domin ba kowace kwalba ke jituwa da 'yar'uwarta a wuta ba.

Na uku, masu zayyana su bi hanyar Wirkkala. Zoben da ba shi da mahaɗi zai iya zama marikin labule, ko adon fitila, ko hannun jaka. Tsakiya za ta iya zama carbi, ko maɓallin riga, ko sarƙar da za ta shiga lefe da alfahari.

Na huɗu, kowane kaya ya fita da suna biyu, na wanda ya zana da na wanda ya yi, a kuma yi yarjejeniyar rabon riba a rubuce tun kafin a kunna wuta.

Na biyar, hukumomi da otal-otal da masarautu, in za su ba baƙo kyauta ko su ƙawata zaure, su yi oda daga gida, kuma odar ta zama mai ɗorewa, shekara bayan shekara.

Kammalawa

Jama'a, mun ga Zecchin ya ɗauko tulu daga tsohon zane ya gyara hannun Murano. Mun ga Starck ya nuna wahalar da ke bayan kofi ɗaya. Mun ga Wirkkala ya ba tsohuwar dabara sabuwar kasuwa, Srouji kuma ta mayar wa mutanenta abin da aka ɗauke musu. Dukansu sun tsaya kusa da wuta, sun saurari gwani. Gwanayen Masaga suna nan da ransu, dabararsu tana hannunsu, amma yaran da za su gaje su suna duba ko sana'ar za ta ciyar da su kafin su zauna a bakin tanderu. Amsar wannan tambaya tana hannun masu zayyana da masu saye da masu mulki, kuma dukanmu muna cikin wannan zaure. Ina roƙon kowane ɗalibi da ke nan ya sa zuwa Bidda cikin shirinsa na bana, kowane mai hali kuma ya yi oda.

Allah Ya albarkaci sana'o'inmu, Ya ƙara wa gwanayenmu lafiya da nisan kwana.